Ruwan Lagireto da Tsawon Ran Tsohuwar Mota

Duk wanda ya saba bin manyan hanyoyin ƙasar nan a tsakiyar bazara, sa'ad da rana take dukan kwalta har mutum ya riƙa hangen kamar ruwa kwance a gabansa, ba zai rasa ganin mota a gefen titi ba, an ɗaga murfin injinta tururi na tashi, fasinjoji sun fake a inuwar darbejiya, yaron mota kuwa ya ɗauki jarka ya nufi ƙauye neman rijiya. In ka tsaya ka yi musu sannu, ka tambayi abin da ya faru, amsa ɗaya ce: mota ta ɗauki zafi. In ka ƙara da tambayar dalili, sai a ɗora wa tsufanta, ko a ɗora wa zafin rana, a ce ai haka Allah ya ƙaddara. Babu mai musun ƙaddara, amma malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma abin da nake son in tabbatar a wannan sharhi shi ne, mafi yawan tsofaffin motocin da suke mutuwa a hannunmu ba shekaru ne suke kashe su ba, bal ma ruwan da muke ɗura musu ne yake cin su daga ciki, sannu a hankali, alhali muna zaton alheri muke yi musu.

Ni kaina sai da abin ya same ni kafin na fahimta. Ina da Fijo 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga shekarar 1975, kuma na yi shekaru ina ba ta ruwan famfo, ko na rijiya, ko na leda, duk wanda hannuna ya kai gare shi, ina ganin ruwa ai ruwa ne. Wata rana ina tafiya Jos ta hanyar Akwanga, muna tsakiyar Hawan Kibo, sai na ga allurar zafi ta bar matsayinta ta nufi ja, kafin in sami wurin tsayawa wari ya cika motar. Da aka jawo ta zuwa gareji, wani dattijon bakanike ya kwance famfon ruwan ya ɗora mini a tafin hannu. Fikafikan da suke tura ruwa, waɗanda ya kamata su kasance da kauri da kaifin baki, sun zama kamar ganyen da fara ta ci, biyu daga ciki ma babu su ɗungum. Ya sa yatsa a bakin tiyo ya lakato wani jan laka mai kauri kamar kunun kanwa, ya nuna mini, sa'an nan ya gaya mini cikin ladabi cewa wannan jan abin jikin injina ne da kansa, wanda ya narke ya bi ruwa. Wannan magana ta zauna mini, ita ce kuma ta sa na shiga bincike da tambayar ma'abota sani.

Asalin mas'alar shi ne, inji gidan wuta ne. A cikin kowace silinda man fetur yana kamawa da zafin da ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas, alhali kuwa alminiyam, wanda da shi ake yin kan injin da kanikawa ke kira tof, yana narkewa a digiri 660. Ƙarfin da ke cikin man nan, a taƙaice, kashi uku yake rabuwa: kusan sulusi ne kawai yake juya ƙafafun mota, sulusi ya fice ta salansa, sauran sulusin kuwa ya shige jikin ƙarfe, kuma wajibi ne a kwashe shi a fitar, in ba haka ba ƙarfen ya lanƙwashe. Ban da 'yan ƙalilan irin Volkswagen Beetle da aka riƙa harhaɗawa a Legas, wadda iska ce take sanyaya ta, duk sauran motoci ruwa ne yake wannan aiki. Famfo yana tura shi ya zagaya ta ramukan da aka bari a jikin inji, ya ɗebi zafi, ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto, inda yake rarrabuwa cikin siraran bututu iska tana bugunsu, ya huce ya dawo ta tiyon ƙasa. Lita biyar zuwa takwas ne a yawancin ƙananan motoci, kuma a kan wannan ɗan ruwa ran injin gaba ɗaya ya rataya.

Inji kuwa ba ya son sanyi kamar yadda mutane suke zato. An ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ke tsakanin digiri 85 da ɗan abin da ya haura 100, wato dab da inda ruwa zalla yake tafasa. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, kuma gwargwadon hawan mutum tudu gwargwadon raguwar wannan adadi, har ya zama a Jos, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 1,200, yana tafasa a wajen digiri 96. Abin da ke hana shi tafasa a cikin mota shi ne murfin lagireto, wannan ɗan ƙarfen da ake rainawa, wanda a cikinsa akwai sifirin da roba masu riƙe matsi na kimanin "bar" ɗaya a ma'aunin matsi, kuma da wannan matsi ruwa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Saboda haka wanda robar murfinsa ta tsage, ko ya maye gurbin murfin da tsumma da leda kamar yadda ake gani a wasu motocin haya, ya zubar da digiri ashirin na kariya tun bai bar tasha ba.

To, a nan ne shubuhar take shigowa, kuma ya kamata a saurare ta da adalci, domin masu faɗinta ba jahilai ba ne, kuma akwai rabin gaskiya a bakinsu. Suna cewa ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan, wanda 'yan kasuwar kayan mota ke kira kulan, an yi shi ne don ƙasashen da ruwa ke daskarewa, mu kuwa ko a tsananin hunturu ba mu taɓa wayar gari mun ga ƙanƙara a randa ba, to me za mu yi da maganin cutar da ba mu da ita? Ta fuskar tarihi sun yi daidai. Sinadarin da ya fi yawa a cikinsa, etilin gilaikol, wani masanin kimiyya ɗan Faransa mai suna Charles-Adolphe Wurtz ne ya fara haɗa shi a tsakiyar ƙarni na 19, kuma sai a shekarun 1920 aka fara sayar da shi don motoci a Amurka, inda kafin nan ake zuba barasa a lagireto don kada ruwa ya daskare ya fasa inji, ita kuwa barasar ta riƙa ƙafewa da wuri. In aka gauraya shi da ruwa rabi da rabi, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri 37 ƙasa da sifili, fa'idar da ba ta shafi mutumin Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ba. Har wa yau sun yi daidai a wani wurin da ma ba su cika ambata ba: ruwa zalla ya fi gilaikol iya ɗaukar zafi, don abin da gilaikol zalla yake ɗauka bai wuce rabi da 'yan kai na abin da ruwa yake ɗauka ba.

Amma hujjar tasu tana rushewa ne a kan abin da ba su duba ba, wato ɗan ƙaramin kason nan na magungunan hana tsatsa da aka narkar a ciki, wanda a ƙasa irin tamu shi ne maƙasudin sayen abin baki ɗaya. Hanyar da ruwa yake bi a cikin inji ba ƙarfe iri ɗaya ba ce. Akwai baƙin ƙarfe na zubi a gangar jikin, akwai alminiyam a kai, akwai jan ƙarfe da tagulla a tsohon lagireto, akwai dalma da kuza a wuraren da aka liƙe shi, ga roba, ga leda. Ƙa'ida ce sananniya a ilimin sinadarai cewa idan ƙarafa mabambanta suka haɗu a cikin ruwa mai gishiri-gishiri, sai su zama tamkar batir, wani siririn lantarki ya riƙa gudana a tsakaninsu, wanda ya fi rauni a cikinsu ya riƙa zagwanyewa, zafi kuma yana ƙara wa abin sauri. Alminiyam ne yake fara biyan wannan diyya. Magungunan da ke cikin kulan suna shafe fuskar ƙarfen da wani siririn rufi da ido ba ya gani, suna kuma hana ruwan yin tsami, suna tausasa wa hatimin famfo aikinsa. Ga kuma ƙarin digiri bakwai ko takwas da gaurayen yake yi a kan matakin tafasa, wanda ba abin rainawa ba ne ga wanda ya maƙale a cunkoson Kano da azahar a watan Afrilu.

Sai kuma illar ruwan kansa. Wanda ya taɓa leƙa cikin butar shayin da ta daɗe tana aiki ya ga farin ɓawon da yake manne a gindinta, mai tauri kamar dutse. Wannan ma'adinai ne da suke narke a ruwan rijiya da na burtsatse, zafi yana fitar da su suna daskarewa, kuma abin da ya faru a buta shi ne yake faruwa a bututun lagireto, waɗanda faɗin raminsu bai fi a zura tsinken tsintsiya ba. Ɓawon yana toshe wasu, yana lulluɓe wasu ya hana zafi ratsawa, tsatsa kuma ta zo ta cike abin da ya rage, har a wayi gari lagireto yana nan cike da ruwa amma rabinsa ne kawai yake aiki. Mota mai irin wannan hali tana iya yin shekara tana yawon gari lafiya lau, mai ita yana yabonta, sai ranar da aka yi mata lodi aka fuskanci hawa sa'an nan asirinta ya tonu. Injunan da silindarsu hannun riga ce ta ƙarfe da ake zurawa ruwa yana taɓa bayanta kai tsaye, irin na Fijo 504 da na manyan motocin gas da yawa, suna da wata ƙarin barazana, domin girgizar silindar tana haifar da ƙananan kumfa masu fashewa a jikin ƙarfen suna sassaƙarsa kamar cin gara, kuma kulan mai kyau yana rage wannan.

Idan an yarda da wajibcinsa, saura a san wanne za a zaɓa, a nan kuwa ake yawan ruɗewa. Asalinsu gida uku ne. Na farko shi ne na dauri, wanda galibi kore ne, magungunansa na ma'adinai ne, silikat da fosfat, waɗanda suke rufe ƙarfe da gaggawa amma suna ƙarewa da wuri, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu ko bayan kimanin kilomita 40,000 zuwa 50,000. A jikin galan akan rubuta masa IAT. Na biyu, mai alamar OAT, ya yaɗu ne daga tsakiyar shekarun 1990, lokacin da kamfanin General Motors ya fara zuba nasa mai suna Dex-Cool, mai launin ruwan lemo, a motocinsa. Magungunansa suna aiki a hankali amma suna kai shekara biyar. Na uku gauraye ne na hikimar biyun, kuma a cikinsa ne aka sami saɓanin mazhabobi tsakanin maƙera. Na Japan, irin su Toyota da Honda, suna ƙin silikat saboda suna ganin yana cin hatimin famfo, sai suka riƙe fosfat. Na Turai kuwa suna ƙin fosfat saboda ruwan ƙasashensu mai ma'adinai ne kuma fosfat yana haɗuwa da su ya zama ɓawo, sai da yawansu suka riƙe silikat kaɗan, kamar yadda yake a na Volkswagen masu lambobin G11 da G13. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma kowanne ya gina injinsa a kan nasa ra'ayin, saboda haka mai mota ba shi da ikon yin talfiƙi a tsakaninsu yadda ya ga dama.

Mun taso a makarantun zaure ana karantar da mu cewa ruwan tsarki ana gane shi da siffofi uku, launi da ɗanɗano da ƙanshi, kuma wataƙila wannan tarbiyya ce ta sa idonmu ya saba hukunta ruwa da launinsa. Amma ƙiyasin ba ya tafiya a nan. Gilaikol ba shi da launi, rini ne kawai ake zuba masa don a gane yoyo in ya ɗiga a ƙasa, kuma babu wata doka da ta tilasta wa kamfanoni bin launi ɗaya. Jan Toyota da jan Volkswagen ba abu ɗaya ba ne, shuɗin Honda daban yake da shuɗin motocin Turai, koren wani kamfani yana iya zama na shekara biyar alhali koren wani na shekara biyu ne. Wanda ya shiga shago ya ce a ba shi ja don ja ya gani a motarsa, bai faɗi komai ba tukuna. Abin dogaro shi ne rubutun da ke bayan galan da abin da littafin motar ya ambata, in littafin ya ɓace kuwa, kamar yadda ya ɓace a yawancin motocin da suka shigo ta Kwatano, to sunan motar da shekarar ƙirarta sun isa a gano abin da maƙerinta ya shar'anta.

Ga tsofaffin motoci na haƙiƙa, irin su 504 da 505 da Marsandi ta shekarun 1970 da 1980, waɗanda lagiretonsu na jan ƙarfe ne da aka liƙe da dalma, ra'ayin da na fi natsuwa da shi shi ne a tsaya a kan na dauri mai silikat, ko gaurayen da aka rubuta ƙarara cewa ya dace da jan ƙarfe da dalma, a kuma jure sauya shi duk shekara biyu. Dalili shi ne na zamani mai alamar OAT ba a yi shi don kare dalma ba, kuma ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin wasunsu yana tausasa wasu nau'o'in roba da gaskit na da. Tsadarsa da tsawon wa'adinsa ba su mai da shi mafifici ga kowace mota ba. Amma Corolla da Camry da Accord da Golf na ƙarshen shekarun 1990 zuwa sama, masu lagireton alminiyam da kafaɗun roba, waɗanda su ne tsofaffin motocin yawancinmu a yau, a ba kowacce abin gidansu. Wanda ya sayi mota bai san abin da ke cikinta ba, mafi aminci gare shi ya zubar da shi duka, ya wanke, ya fara sabon lissafi daga ranar. Haɗa iri biyu ba kullum yake kawo musiba nan take ba, sai dai mafi ƙarancin illarsa shi ne wa'adin mai tsawo ya gajarce, mafi muninta kuwa gaurayen ya kama ya zama kamar koko ya toshe bututu.

Akwai wanda ake sayarwa a gauraye, a zuba kawai, akwai kuma mai kauri da ake sirkawa. Mai kaurin ba a zuba shi zalla, don mun riga mun ga bai kai ruwa ɗaukar zafi ba. Rabi da rabi shi ne ma'aunin da aka fi sani, kuma a ƙasar da ba ta ƙanƙara ana iya sassautawa zuwa kashi 40 cikin ɗari, amma kada a sauka ƙasa da sulusi, don daga nan maganin tsatsar ya yi ƙaranci. Ruwan sirki kuwa ya zama tataccen ruwa marar ma'adinai, irin wanda ake ƙara wa batir, da sharaɗin mutum ya tabbata ruwan ne aka ba shi, domin a shago ɗaya ake sayar da shi da asid ɗin batir, a kwalabe masu kama da juna. Ruwan leda tsabtarsa ta sha ce, ma'adinansa suna nan. Kuma ba zan ɓoye damuwata ba game da galan-galan masu arha da suka cika kasuwa, waɗanda babu sunan sinadari ko lambar ƙa'ida a jikinsu. Wanda bai faɗi abin da ya zuba a ciki ba, babu dalilin da zai sa a amince masa da inji.

Ba na cewa wanda ruwansa ya zube a dajin da ke tsakanin Potiskum da Damaturu ya zauna jiran kulan. Larura tana da hukuncinta, ya zuba duk ruwa mai tsabta da ya samu ya isa gari. Amma wannan rangwame ne irin na taimama, wanda yake ƙarewa da zarar an sami ruwa, kuma kuskurenmu shi ne mun mai da rangwamen ya zama asali. Haka nan dabarun bakin hanya na toshe yoyo, fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, ko zuba garin kwaki, ko barkono, ko garin taba: suna toshe ramin, gaskiya ne, amma ba su da hankalin bambance ramin yoyo da ramin bututu. Wanke lagireto da garin sabulun wanki ma, in ba a ɗauraye shi sarai ba, yana barin kumfa da sinadarai masu cin alminiyam.

Akwai wata al'ada da ta kusa zama ijma'i a garejojinmu, wadda nake ganin ta cancanci a tsaya a kanta, ita ce cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar, tare da haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da inji. Hujjar kanikawa ita ce wancan ƙarfen don ƙasar sanyi aka sa shi. Tamostat ƙofa ce mai wani kaki na musamman a cikinta, tana rufe hanyar lagireto har inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 82 zuwa 90 gwargwadon ƙirar, sa'an nan ta buɗe. In an cire ta, inji yakan daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da asubahin hunturu ko a doguwar gangara, kuma a cikin wannan hali na'urar da ke auna mai tana ɗauka har yanzu inji a sanyaye yake, sai ta riƙa ƙara fetur, fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke baƙin mai daga bangon silinda, zobban fistin su riƙa gogar ƙarfe, baƙin man ya yi laka. Mai mota yana biyan wannan a gidan mai kullum bai sani ba. Wani abin kuma, a injuna da yawa tamostat ɗin ce take rufe wata gajeriyar hanya ta cikin gida idan ta buɗe babbar, to in babu ita sai wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye a cikin inji bai je lagireto ba, motar da aka cire wa tamostat don kada ta yi zafi ta koma tana yin zafin a kan hawa. Ban zargi kanikawa da mugun nufi ba, don sun ga tamostat da tsatsa ta maƙale a rufe ta dafa inji, sai suka yanke hukunci a kan abin da suka gani. Amma tsatsar ce mai laifi, kuma maganin tamostat da ta lalace shi ne sabuwa.

Kiyayewar yau da kullum ba ta da wuya, nacewa kawai take bukata. Sau ɗaya a mako, da safe kafin a tayar da inji, a duba ɗan tulun roba da ke gefe a ga ruwan yana tsakanin layukan nan biyu, a dubi ƙasan motar ko akwai ɗigo. Motar da take neman ƙari kowane mako tana da yoyo, ko an gan shi ko ba a gan shi ba, kuma ƙarin ba magani ba ne. A matsa tiyo da hannu: wanda ya yi laushi kamar dafaffiyar kabewa, ko ya kumbura a bakin ɗaurinsa, ko ya bushe yana tsattsagewa, ya gama aikinsa. A dubi bel ɗin da ke juya famfo. Bayan hunturu a wanke fuskar lagireto da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba, don ƙura da ƙwari da ledoji suna toshe iska kamar yadda ɓawo ke toshe ruwa. Ranar sauyi kuwa, a bar inji ya huce, a zubar da tsohon, a zagaya da ruwa mai tsabta har ya fito garau, a zuba sabo, sa'an nan a fitar da iskar da ta maƙale, domin kumfar iska a cikin kan inji tana barin wani wuri a bushe yana ƙuna alhali allura tana nuna lafiya.

In kuwa duk da haka allura ta hau, a tsaya nan take, kada a ce bari a ƙarasa kilomita biyun da suka rage, don a cikin irin waɗannan kilomita biyun ne tof yake lanƙwashewa gaskit ya ƙone. Kada a kusanci murfin lagireto sai bayan rabin sa'a ko fiye, saboda ruwan da ke ƙarƙashinsa ya wuce digiri 100, matsi ne kawai yake riƙe da shi, kuma da zarar an murɗa zai yi tsiri ya sami fuska da ƙirji. Na ga yaron mota da wannan tabo daga wuya har cibiya, ba na kuma fatan in sake gani. Kada a kwarara ruwan sanyi a inji mai zafi, ƙarfe yana tsagewa. Bayan an isa gida a lura da alamu uku: farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, baƙin mai da ya koma launin shayi da madara, da kumfa mai tasowa a bakin lagireto inji yana aiki. Kowace ɗaya daga cikinsu tana nuna gaskit ya tafi.

Wajibi ne kuma in yi gargaɗi a kan abin da ya fi inji daraja. Etilin gilaikol guba ne mai zaƙi, kaɗan daga cikinsa yana kashe ƙoda, kuma launin rinin da ake zuba masa irin na lemon kwalba ne. Ɗan'uwansa na kusa, dayetilin gilaikol, shi ne ya gurɓata wani maganin haƙoran jarirai a Nijeriya a shekarar 2008, yara fiye da 80 suka rasu. Kada a juye ragowarsa a gorar lemo ko ta ruwa, kada a ajiye shi inda hannun yaro zai kai, kada a zubar da tsohon a tsakar gida inda kaji da awaki suke, ko a kusa da rijiya. Wanda ya sha bisa kuskure a garzaya da shi asibiti a take, ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau, don illar takan ɓuya sa'o'i kafin ta bayyana.

Sauran hakkokin tsohuwar mota sanannu ne, ba sai na tsawaita ba: baƙin mai da matatarsa a kan lokaci, matatar iska da ƙurarmu take cikawa kafin wa'adin da aka rubuta don ƙasashen da ba su san hunturu ba, man birki da yake shan danshi a sauya shi duk shekara biyu, da bel ɗin tayimin wanda in ya tsinke a wasu injunan fistin yake karo da bawul. Da yake a motoci da yawa wannan bel ɗin ne yake juya famfon ruwa, hikima ita ce a sauya su rana ɗaya, a biya kuɗin aiki sau ɗaya. Abin da na ga ya fi taimakona a duk wannan shi ne ɗan littafi na 'yan makaranta da na ajiye a aljihun gaban mota, inda nake rubuta ranar kowane aiki, da adadin kilomita, da sunan abin da aka zuba, saboda mantuwa ce take sa shekara biyu ta zama biyar. Fijon nan tawa, bayan an daidaita kan injinta an sa mata sabon famfo da tamostat, na mai da ta kan koren kulan da tataccen ruwa rabi da rabi, kuma da wa'adin sauyi na biyu ya zo na tsaya da kaina a gareji ina kallo aka kwance tiyon ƙasa, ruwan ya zubo cikin daro kore kamar yadda aka zuba shi, ana hangen gindin daron ta cikinsa.